Tari Biyu a Hanyar Damagaram

A unguwarsu a Maraɗi babu mai kiransa da sunan yanka. Tsofaffin ɗalibansa suna ce masa Mushe, kamar yadda suka saba tun suna lakwal, sauran jama'a kuwa Malam suke cewa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana riƙe da alli kafin ya ajiye aiki, kuma abin da ya fito da shi daga wannan doguwar hidima bai wuce gida ɗaya ba, da kuɗin fansho, da wata mota Toyota Avensis mai shan gazuwal, irin waɗanda aka fara ƙerawa a Burnaston ta ƙasar Ingila a shekarar 2003. Ba sabuwa ya saye ta ba. Sai da ta gama ƙuruciyarta a titunan Turai, sannan ta biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, ta ƙetaro gadar Gaya, ta iso hannunsa bayan ta ci hanya mai yawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna tare.

Yadda yake kula da ita ya zama abin zance a unguwa. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙaramin akwatin da ke gaban kujerar gefen direba, a ciki yake rubuta ranar da aka juye baƙin mai, da ranar da aka sauya taya, da abin da aka biya har zuwa dala ta ƙarshe, duk da kyakkyawan rubutun nan na malaman da. Yana kuma da kunne. In suna cikin tafiya ya ji sautin inji ya ɗan sauya, sai ya ɗaga hannun dama ya ce, "Dakata, Hajiya," uwargidansa kuwa ta haɗiye sauran maganarta har ya gama sauraro. Takan ce motar nan kishiyarta ce, kuma kishiyar da ta fi ta gata. Mutane su yi dariya, shi ma ya yi.

Hajiya tana da ciwon fuka, wanda ya daɗe tare da ita, yana lafawa da damina yana tashi da hunturu. Saboda shi ne suke zuwa Damagaram lokaci lokaci wajen wani likitan ƙirji, tafiyar kimanin kilomita 240 a kan babbar hanya, ta Cadawa, da Agye, da Gazawa, da Tasawa, da Takeita. A irin wannan tafiya ce, wata safiyar watan Janairu da hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin faranti, abin ya faru.

A Gazawa ya ga mai ya yi ƙasa, ya kuma ga layi a gidan mai, sai ya tsaya wajen wani mai sayarwa a bido a bakin hanya ya sa aka zuba masa lita 10. Sun wuce Tasawa da kaɗan motar ta fara abin da shi kansa ya kira tari: in ya ba ta wuta sai ta sarƙe, ta ja baya kamar jakin da ya ga rami, sannan ta zabura. Wata ƴar fitila ta kama a allon gabansa. Kafin su kai Takeita ta mutu a gefen kwalta, inda babu gida babu rumfa, sai gonakin hatsi da aka girbe da itatuwan gawo, waɗanda suke da ganye a wannan lokaci na shekara.

Malam ba baƙon wannan cuta ba ne. Ya buɗe kapo, ya lallaɓa ƙasan matacin mai, wanda masu garaji ke kira filtir, ya sassauta ɗan murfin roba da ke gindinsa, ya tara gutsuren gora, ya shiga danna famfon hannu da ke bisa. Abin da ya fara fitowa ruwa ne, gurɓatacce kamar na rijiyar da ta kusa ƙafewa, daga baya gazuwal ya biyo. Amma hannun tsoho ba ya sauri, kayan aiki kuma babu, inji ya yi ta ƙin tashi, har aka shafe kusan awa biyu. Duk tsawon wannan lokaci Hajiya tana zaune a gindin gawo, ta rufe hanci da bakin mayafi, iskar gabas tana watsa mata ƙura. Sau biyu ta ciro abin shaƙarta daga jaka. Bai gani ba. Kansa yana ƙarƙashin kapo. Da motar ta tashi ma rarrafe ta yi ta yi, suka isa bayan azahar, likita ya riga ya tashi, aka ba su wata rana bayan mako uku. A gidan ƙanwarta suka kwana, kuma a daren nan babu wanda ya runtsa a gidan saboda tarinta.

Kwana biyu da dawowarsu ya kai motar garajin da ya saba. Mai garajin tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya zauna a ajinsa a shekarar ƙarshe ta firamare, yanzu ya yi furfura a gemu yana da yara shida a ƙarƙashinsa, amma har gobe in ya ga Malam sai ya goge hannu ya rusuna. Ya saurari labari bai katse ba. Da aka gama ya ce, "Mushe, ba man Gazawa kaɗai ba ne. Shi dai ya cika mudun ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma bayanin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa, domin yawancin masu tsofaffin motocin gazuwal suna tafiya ne da ilimin da suka gada daga zamanin Peugeot 504. Asalin injin bai sauya ba tun da Rudolf Diesel ya tayar da nasa a Augsburg a 1897: ana matse iska har ta yi zafi, a fesa mata mai, ya kama da kansa ba tare da tartsatsin wuta ba. Abin da ya sauya shi ne ƙarfin feshin. A injin irin na Malam, famfo yana tara mai a bututu ɗaya da matsin da ya haura bar 1,000, ya raba shi ga bakunan feshi, wato anjektar, waɗanda ramukansu ba su fi kaurin gashi da yawa ba, sassan cikinsu kuma suna gogar juna da ratar da ido ba ya gani. Man da kansa ne yake yi musu santsi. Ƙwayar rairayi wadda tsohon inji zai haɗiye ya wuce, a nan karce ƙarfe take yi. Ruwa kuwa ba ya santsi, tsatsa yake haifarwa. Shi ya sa aka ɗora wa wannan gwangwani guda ayyuka biyu. Takardar da ke naɗe a cikinsa tana tare datti, gindinsa kuma yana tara ruwa, domin ruwa ya fi gazuwal nauyi: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gazuwal ba ta kai gram 850 ba. Ruwan kuma ba daga bido kaɗai yake zuwa ba. Tankin da aka saba bari rabi yana yin raɓa daga ciki in dare ya yi sanyi, kuma a iyakar da ruwa ya haɗu da mai wasu ƙananan halittu suna rayuwa, su bar wani baƙin kauri mai yauƙi wanda yake toshe takardar a hankali.

Malam ya buɗe littafinsa don ya kare kansa, ya nuna cewa an sauya filtir ɗin, ga rana ga kuɗi. Mai garaji ya dubi kuɗin ya yi shiru, irin shirun da yaro yake yi in ya gano kuskure a lissafin malaminsa. Sannan ya aiki yaro kasuwa ya zo da guda biyu, kwalinsu iri ɗaya, rubutunsu iri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi har da ɗori. Ya ɗora su a tafin Malam. Mai arahar ya fi sauƙi a hannu, zoben robarsa ya bushe, zaren bakinsa yana da kaushi. Irinsa ne aka ɗaura wa motar a wancan karon, a wani wuri da Malam ya tsaya don ya rage jaka biyu. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma mai fansho yana da uzurinsa, kuma ba daidai ba ne a yi masa dariya: wanda bai taɓa ƙidaya kwanakin da suka rage kafin a biya shi ba, bai san nauyin jaka biyu ba. Wannan karon dai mai tsadar ya ɗauka.

Aikin kansa bai kai rabin awa ba, amma mai garajin bai bar wa yara ba. Ya fara da goge wurin tas, domin dattin da ya faɗa ta bakin da mai yake fita ya wuce mataci ke nan har abada. Ya zare wayar na'urar da ke gano ruwa, wadda ita ce ta kunna fitilar nan a hanya, ya tsiyaye abin da ke ciki, ya kwance gwangwanin, ya mayar da na'urar a gindin sabon da sabon zobe. Ya shafa wa robar bakin gazuwal mai tsabta da ɗan yatsa, ya ɗaure da hannu, ya ɗan ƙara kaɗan, bai ɗauko ƙarfe ya murɗe ba. Wani yaro ya kawo gora zai cika sabon filtir da mai kafin a ɗaura, yadda ake yi a garaji da yawa don inji ya yi saurin tashi, sai ya hana shi, ya ce man da aka zuba ta baki wani sashensa ba zai bi ta takarda ba, kai tsaye zai tafi famfo. Ya gwammace ya danna famfon hannu, ya yi ta dannawa har ya yi tauri a ƙarƙashin tafinsa, alamar iska ta fita mai ya cika. Da injin ya ɗan yi gardama, yaron nan ya sake kai hannu zai sassauta bututun anjektar don iska ta fita, dabarar da take aiki a tsofaffin injuna. Nan ne kaɗai aka ji mai garajin ya ɗaga murya. A irin wannan inji, man da ya tsarto daga bututun yana iya huda fata ya shiga tsoka, kuma mutum yana iya rasa yatsa a kan haka.

Motar ta tashi, sautinta ya daidaita. Aka sa zarto aka yanka tsohon gwangwanin don Malam ya gani da idonsa: takardar ta yi baƙi ta lanƙwashe, ta ɓalle daga mazauninta a gefe guda, ga tsatsa ga yashi a gindi. Ya daɗe yana kallo. Aka kuma zuƙe abin da ya kwanta a ƙasan tanki. Har ya ciro alƙalami zai rubuta, sai mai garajin ya ce, "Mushe, na cikin fa, yaushe rabon da a taɓa shi?"

"Wane na ciki, ɗana?"

Bai san da shi ba. Shekara goma sha ɗaya yana buɗe ƙaramin akwatin nan safe da yamma don ɗauko littafinsa, bai taɓa sanin cewa a bayansa, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, akwai wani mataci da aka ajiye don iskar da mutanen cikin mota suke shaƙa. Ba shi kaɗai ba ne. Wannan mataci ba ya tsayar da mota, ba ya kunna fitila, ba ya sa a kwana a daji, saboda haka babu mai tambayarsa, masu sayar da kayan mota da yawa ma ba su ajiye shi. Mai garajin ya kwashe takardu, ya matse gefen akwatin biyu ya sauke shi, ya ɓalle wani siririn murfi, ya jawo abin a hankali. Da ƙyar ya fito. Abin da ya kamata ya zama farar takarda mai ninki ya koma kamar tubalin laka, jajayen ƙura ta cike kowane lungu ta daskare. A samansa akwai busassun ganye guda biyu ko uku masu tsaga a gefe, na itacen da ba ya tsiro a Katsinar Maraɗi ko a Gobir. Daga Turai suka zo. Tun da motar ta hau jirgi babu hannun da ya kai wurin.

A nan ne lissafin ya fara haɗuwa a kan Malam, kuma bai ji daɗin amsar ba. Shekara shida da suka wuce iskar kilim ɗin motar ta fara rauni. Ya kai an ƙara masa gas sau biyu, abin bai sauya ba, fanka tana ƙara kamar za ta tashi sama amma abin da yake fitowa bai kai hucin jariri ba. Sai ya yanke hukunci cewa kilim ya mutu, gyaransa kuma ba na mai fansho ba ne, ya rubuta haka a littafi ya ja layi. Tun daga ranar da gilashi a sauke suke tafiya, rani da hunturu, domin motar da aka rufe a rana tanda ce. Ashe kilim lafiyarsa lau. Iska ce ta rasa hanyar wucewa.

Ƙurar hunturu kuwa ba irin wadda ake sharewa a tsakar gida ba ce. Mafi yawanta daga nesa take tasowa, wani kaso mai girma daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda ake lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ce take ɗauko ta daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ta bi da ita ta kan Damagaram da Maraɗi. Manyan ƙwayoyinta suna faɗuwa a hanya, ƙananan kuma, waɗanda ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, suna rataye a sama kwana da kwanaki, kuma su ne suke wuce gashin hanci su sauka cikin ƙirji. Mai lafiya yakan yi kaki ya wuce. Mai fuka kuwa hanyoyin numfashinsa kumbura suke yi su tsuke. A kan kwalta ana ƙara masa da hayaƙin manyan motoci da ƙurar da tayoyinsu suke tayarwa, duk suna shigowa ta tagar da Hajiya take zaune.

Kada a ɗora wa takarda abin da ya fi ƙarfinta. Ba toshewar mataci ce ta sa wa Hajiya fuka ba, sabo kuma ba zai warkar da ita ba. Ba ya ma tare mafi ƙanƙantar ƙura gaba ɗaya. Abin da zai iya yi kaɗan ne: ya bar iska ta wuce har a iya rufe gilashi na awa huɗu. Amma wannan kaɗan ɗin yana bayan littafin Malam shekara shida, kuɗinsa bai kai na lita 10 na man da ya saya a Gazawa ba.

Yaron garaji ya ba da shawara biyu, waɗanda su ne aka saba. Ko a hure shi da iskar famfon taya a mayar, ko a jefar da shi a bar wurin fayau, iska ma ta fi ƙarfi. Mai garajin ya ƙi duka biyun. Hurawa tana fitar da ta sama ne kawai, tana kuma yaga zaren takardar. Barin wurin babu komai kuwa yana tura ƙurar kan sassan da suke sanyaya iska, ta haɗu da danshi ta zama taɓo mai wari, wanda sai an kwance gaban mota duka kafin a kai gare shi. Aka zagaya kasuwa ba a samu ba. Sai da aka yi waya Kano, ya biyo motar haya ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, ya iso bayan kwana huɗu a cikin kwalin da bai fi littafin lissafi girma ba.

Malam ya ce shi zai sa da hannunsa. Ya durƙusa a ƙofar gefen Hajiya, gwiwoyinsa suna ƙara, tsohon ɗalibinsa yana tsaye a kansa yana karantar da shi. Akwai kibiya a gefen matacin, kuma nan mutane suke kuskure, domin a na kamfanin motar kibiyar tana nuna gefen da zai kalli sama, a na waɗansu kamfanoni kuwa tana nuna inda iska take bi, wato ƙasa. Sai an karanta abin da aka rubuta kusa da ita. Karatu dai ba a koya wa Malam shi. Ya tura, ya ji ya zauna, ya mayar da murfi. Da aka kunna fanka, wani guntun ƙura ya fara fitowa, sannan iska ta buso har ta ɗaga shafin littafinsa da ke kan kujera. Mai garajin ya nuna masa maɓallin da yake rufe ƙofar iskar waje ya riƙa juya ta cikin mota, ya ce a danna shi in an shiga bayan babbar mota ko hazo ya yi kauri, amma a riƙa saki lokaci lokaci don kada barci ya ɗauki direba. Ya ce a ƙasar nan kada a jira adadin kilomitan da Turawa suka rubuta don ƙasarsu: a sa sabo a farkon kowane hunturu, a duba shi a ƙarshensa, ruwan filtir ɗin mai kuma a tsiyaye shi duk ranar da aka juye baƙin mai.

Da ya koma gida ya tarar da ita a tabarma tana tsince shinkafa. Ya ajiye tsohon matacin a gabanta a kan jarida, ya faɗa mata ko mene ne, da inda yake, da shekarun da ya yi a wurin. Bai ƙara komai ba. Mutanen zamaninsa ba su iya irin wannan magana ba. Ta dube shi, ta ɗauki ganye ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce, "Malam, ashe ita ma kishiyar tawa fuka gare ta." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba.

Ranar da likita ya sa musu suka fita bayan sallar asuba, tanki a cike daga gidan mai tun daren jiya. Hazo bai ragu ba, fitilun motocin da suke tahowa suna fitowa daga cikinsa kamar idon mage. Gilashi huɗu duk a rufe. Rabon da su ji muryar juna a mota ba tare da ɗaga murya ba har sun manta, sai ga shi tana ba shi labarin auren jikar ƙanwarta tun daga Cadawa har Agye, bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. A Gazawa barci ya ɗauke ta. Da suka zo daidai itatuwan gawon nan ya rage gudu ba tare da ya yi niyya ba, ya kasa kunne. Inji yana tafiya sumul. Ita kuma numfashinta yana fita da ɗan siririn fito a ƙarshensa, wanda bai san ko yau ya fara ba ko kuwa ya daɗe a wurin.

Kusa da Takeita ta farka, ta yi tari sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe kafaɗa.

"Malam, rage sanyin nan."

Ya kai hannu ya tsaya yana laluben maɓallan, domin shekara shida rabonsa da su. Ta ture hannunsa a hankali ta ce ya dubi hanya, ta murɗa da kanta.